Neman Aure da Silinda Ɗaya

Tun da na dawo daga tsallaken dam aiki ya gagare ni a gareji. Duk wanda ya kawo mashin sai ya jingine shi, ya ja benci, ya ce, "Ishaku, wai da gaske ka shiga ruwa?" In na fara ba da labari, kafin in kai Kachia wani ya iso ya ce a koma farko. Jiya har mai kunu ta ajiye bokitinta tana gyara mini labarin, ita da ba ta je ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, in huta.

Ga wanda bai san ni ba, makaniken mashin ne ni a Kafanchan. Matata ta daɗe da rasuwa, 'yarmu guda ta yi aure a Jos, gida ya rage daga ni sai rediyo. Ba zan ɓoye ba, kaɗaici ya ci ni. Hannatu kuwa a kasuwar Kachia na san ta, tana sayar da bandar kifi, ita ma mijinta ya rasu. Na sayi kifi, na koma na sake saye, har maƙwabtana suka fara ƙiba ba su san dalili ba. Da ta ga abin ya wuce na kifi, ta ce in da gaske nake in je in gaida iyayenta. Ta kuma faɗa mini gaskiya: babansu ya tsufa, ido ya tafi, abin da yayanta Bulus ya gani ya faɗa masa shi ne hukunci. Kuma Bulus ɗin ne zai ɗauko mu a kwalekwale, domin tun da aka tare kogin Gurara aka yi dam, hanyar ƙauyensu ta ƙasa ta zama zagaye, da damina ma ba ta biyuwa.

Ni kuwa ruwan da na sani shi ne na bokiti. Ko magangarar ruwa ta Matsirga aka je shan iska, daga nesa nake tsayawa ina riƙe wa mutane takalma.

Mu biyar muka tashi. Akwai Mama Laraba, ƙanwar babana, mace mai jiki da murya, wadda ta ɗauki auren nan kamar nata. Akwai Dattijo Yohanna, tsohon hedimasta kuma dattijon ikilisiyarmu, shi ne mai magana da yawunmu. Sai ƙawayen Mama biyu na zumuntar matan coci, waɗanda ba wanda ya gayyata, amma Mama ta ce ba a zuwa neman aure ba masu guɗa. Kayanmu buhun citta, buhun acha, jarkar manja, gishiri da akuya. Na sa farin kaftani sabo fil. Muna fita Mama ta lalube aljihuna ta zaro sifanar fulogi.

"Ishaku, gidan surukai za ka je ko gareji?" Ta jefa ta cikin jakarta. "Yau kai ba makanike ba ne, ango ne."

Motar Kachia ta cika har ba wurin yin tari. An sa akuya a but, ta leƙo da kai ta tsakanin matan, kafin Zonkwa ta cinye burodin da Dattijo ya saya don tsarabar yara, har da ledar. Dattijo ya ce ba komai, ai gidan za ta, tsarabar ta isa ta wata hanya.

A Kachia muka kwana gidan wani ɗan'uwanmu dillalin citta. Ɗakin da aka ba mu ni da Dattijo jikin sito yake, ƙaurin busasshiyar citta ya cika shi. Da safe Dattijo ya tara mu addu'a, ya fara, "Ya Ubanmu," sai atishawa. Ya sake farawa, sai wata. Matan suka ga abin ba zai ƙare ba, suka riƙa cewa amin bayan kowace atishawa, haka muka kai ƙarshe muna ƙunshe dariya. Matar gidan ta yi mana gwaten acha da yakuwa da gauta, mai zafi. Na ci kaɗan, domin hankalina ya riga ya tafi bakin ruwa.

Daga nan sai mashin, hanyar jar ƙasa. Can cikin daji muka tarar da igiya a gicciye, 'yan banga na zaune a gindin ɗorawa. Masu mashin suka ce wannan ita ce bodarsu, ko kaza ba ta wucewa sai ta faɗi inda za ta. Shugabansu ya taso da bindigar toka a kafaɗa.

"Ina zuwa, Baba?"

"Neman aure," in ji Dattijo.

Mutumin ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa bayana yana neman saurayi. "To ina ango ɗin? Yana baya ne?"

Mama ta nuna ni da haɓa. Ya kalli furfurar gemuna, ya kalli akuya, ya fashe da dariya har ya dafa gwiwa. "Oga, Allah ya ba da sa'a! Abeg ranar biki kar a manta da mu." Ya saki igiya da hannunsa, har da sara mini.

Da muka gangara bakin dam sai kowa ya zuba wa ruwan ido. Ni a zatona zan hango ƙauyen a tsallake, in ce to ga shi can. Ba abin da na hango sai ruwa da kawunan matattun itatuwa. Mama ta ce, "Yesu na! Wannan ruwa ba shi da ƙarshe ne?"

Bulus na zaune a bayan kwalekwalensa, kusa da inji. Dogo ne, ba ya son yawan magana. Ya durƙusa ya gaida manya, ni kuma ya dube ni daga hula zuwa takalmi ya ce, "Sannu, Makanike." Mutanen nan manoma ne irinmu, ruwa ne ya zo ya same su har gida, suka koyi su a wajen masuntan da suka biyo shi. Amma sun riga sun zama wasu iri. Gaisuwarsu gajera ce, suna yi suna kallon sama. Takalmi a hannu ake shiga jirgi. Kuma mu a gida babba ake ba gaban mota don girmamawa, nan kuwa gaba shi ne inda ba abin da ke tsakaninka da ruwa sai katako.

"Mama, in za ku zauna can gaba da tsakiya, zai fi," in ji Bulus a hankali.

"Gaba? Inda babu direba? A'a ɗana, kusa da kai zan zauna, in mutuwa ne mu mutu tare."

Bulus ya buɗe baki, ya rufe. Ƙawayen Mama suka jawo buhunan da ya jera a tsakiya suka zauna a kai dab da ita. Dattijo ya bi su. Ni ma na bi, ina nuna kamar injin nake sha'awa. Akuya kaɗai ta rage a gaba.

Injin tsoho ne, fentinsa ya koɗe, murfinsa da roba aka ɗaure. Silinda biyu gare shi, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Bulus ya ja igiya ya tashi, muryarsa garau. "Ya tsufa, amma bai taɓa ba ni kunya ba," in ji shi.

Farkon tafiyar daɗi, wallahi. Iska na kaɗa mu, matan suka saki jiki suka ɗauko waƙar zumunta, Dattijo yana ba su amo da tafi a cinya. Ni na riƙe katakon gefe har yatsuna suka yi fari, amma ina murmushi, saboda Bulus na kallona.

Sai injin ya ce fat. Ya ci gaba, ya sake cewa fat, fat. Kwalekwale ya riƙa zabura yana lafawa. Waƙa ta tsaya cak.

Kun san halinmu mutanen Kafanchan. In mota ta yi tari, kowa makanike ne. Duk suka ƙara matsowa baya suna leƙen injin.

"Mai ne ya ƙare," in ji Dattijo.

"Fetur ɗin an haɗa shi da kalanzir," in ji ɗaya ƙawar.

"To a sauka a tura mana!" in ji Mama. Sai ta dubi ruwa, ta kama bakinta. Duk da tsoro sai da muka yi dariya.

Bulus ya kashe injin. Shiru ya sauka, sai ƙarar ruwa a jikin katako. Ya nuna mini gabas, inda hadari ya fara haɗuwa.

"Makanike, ga yadda abu yake. Silinda ɗaya ne ke aiki. In iska ta taso, ba zan iya da ku a haka ba. Baya ya fi kusa. Amma dangi sun taru tun jiya, wasu daga nesa, gobe za su watse, kuma Baba ba mai tara mutane sau biyu ba ne. Tafiya naka ne. Mu juya?"

Jama'a, duk jikina cewa yake a juya. Sai na tuna ɗakina na Kafanchan, da yadda nake dawowa da yamma in tarar da kofin shayin safe a inda na bar shi. Na ji bakina ya ce, "Yaya, buɗe murfin."

Na rarrafa na durƙusa a gaban injin. Ruwa bai fi tafin hannu ba tsakaninsa da bakin katako, na hana idona kallon wajen. Na fara da mai, don a kawar da maganar Dattijo. Na matsa ƙwallon robar da ke jikin tiyo, na ji shi tauri, mai na zuwa. Dama kunnena ya riga ya gaya mini. In mai ne, inji a hankali yake sanyi kamar mai gyangyaɗi. Wannan kuwa yankewa yake farat ɗaya ya dawo, ciwon wuta ke nan.

"Akwai sifanar fulogi?"

Bulus ya lalube gwangwanin kayansa, babu, wani ya ara bai mayar ba. Sai ga hannun Mama ta kan kafaɗata da sifanata. "Karɓi. Amma kar ka ɓata riga."

Na kwance fulogin sama, a bushe yake, launin soyayyar gyaɗa, lafiya lau. Na kwance na ƙasa, baƙi ƙirin, jiƙe da mai. To mai na shiga silindar ƙasa, wuta ce ba ta cinye shi. Saura a san ko fulogin ne mai laifi ko abin da ke kawo masa wuta. Na goge shi, na musanya su, na sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya hau sama. In ciwon ya bi fulogi ya hau, shi ne. In ya tsaya a ƙasa, a nemi wani.

Bulus ya ja igiya. Na kama totur na murɗa yadda nake yi wa mashin a gareji, injin ya yi kuka mai daɗi ba ko tsallake ɗaya. Na ɗaga hannu na ce, "Ya gyaru!" Matan suka rangaɗa guɗa.

Bulus ya sa giya. Muka ɗan matsa, sai fat, fat.

"Nan ba a yarda da inji sai ya ja kaya," in ji shi. "Ba giya kowa jarumi ne."

Kunya ta kama ni, amma gaskiyarsa. Wuta mai rauni takan isa in inji na wasa, sai an ɗora masa nauyi take gazawa. Na sake kwancewa. Na ƙasa ne dai ya jiƙe. Fulogi ya fita daga zargi, saura kwayil mai ba da wutar, da wayar da ta taso daga gare shi. Na ce Bulus ya tayar ya bar shi a giya a hankali, na kai hannu ina bin wayar ƙasa da yatsa. Hannuna kuwa a jiƙe.

Abin da ya biyo baya Mama ta fi ni iya ba da shi. Ta ce na yi tsalle a durƙushe, na kira sunan uwata da yarenmu, hulata ta tafi ruwa. Ni abin da na sani, wuta ta shiga ta yatsa ta fita ta haƙori, kuma da Bulus bai cafke wuyan kaftanina ba da kifi sun yi baƙo. A nan na fara ganin haƙoransa, yana dariya har da hawaye.

Amma jan wutar nan ya yi mini amfani. A tsakiyar waya ya kama ni, ba a bakin fulogi ba, ke nan wuta na tsiyaya a hanya. Sai dai rana ta yi ƙarfi, ba a ganin komai.

"Mama, ara mini zaninki na sama."

"Zanin zumunta? A kan wannan baƙin mai?"

"Duhu nake so, Mama."

Ta kwance tana mita. Ƙawayenta suka kama gefe da gefe suka yi mana rumfa ni da injin, Bulus yana ta gargaɗin a ɗaga shi sama kar faifan da ke juyawa ya fizge shi. Na sa kai cikin duhun. Ga ta nan. 'Yar wuta shuɗiya tana tsalle daga jikin waya zuwa ƙarfen injin, tas, tas, kuma duk tsallen da ta yi sai injin ya ce fat. Wayar ta daɗe tana gugar bakin ƙarfe har robarta ta tsage. Ƙasan injin kuma ruwa ne kwance, wayar sharkaf.

"Amma da muka taso lafiya ya yi," na ce. "Tsagar nan ba ta yau ba ce. Me ya kawo ruwa nan?"

Na fito da kai daga zani, na duba. Bayan kwalekwale ya nutse har ruwa na fantsama cikin injin. Na waiwaya gaba, hancin jirgin ya ɗaga sama, akuya na tsaye a can ita kaɗai kamar mai wa'azi. Mu shida da buhu biyu da jarka duk muna kan injin. Tsagar na nan tun da daɗewa, a bushe ba ta damun kowa. Mu ne muka jiƙa ta, kuma duk tarin da injin ya yi sai mu ƙara matsowa mu ba da shawara.

Bulus ya sunkuyo ya rage murya. "Na gani tun a bakin ruwa. Amma yaya zan yi wa iyaye tsawa ranar da suka zo neman ƙanwata?"

To shi kunya ta hana shi. Ni kuwa nawa ne.

"Mama! Ku koma gaba, dukanku, da buhunan!"

"Ishaku, ni kake ma tsawa?"

"Ke fa, Mama. In kina son suruka, gaba."

Ta harare ni, ta dubi hadari, ta kama rarrafe tana kiran sunan Yesu a kowane katako. Dattijo ya bi ta da buhun acha yana cewa a yi a hankali. Bayan jirgi ya taso a idonmu.

Na kwashe ruwan da tafin hannu. Na nemi tsumma busasshe, babu, sai na kama gefen kaftanina na goge wayar tas, na ji Mama ta yi salati irin namu daga can gaba. Na yanko robar tayar da aka ɗaure bakin buhun citta da ita, na naɗe tsagar tam, na ja wayar nesa da ƙarfe na ɗaure. Na kankare fulogin da bakin wuƙar Bulus na mayar. Ya ja igiya, ya sa giya, ya murɗa har ƙarshe. Muka kasa kunne. Silinda biyu suka amsa tare, kwalekwale ya miƙe. Wannan karon ban ce komai ba, Bulus ne ya dubi matan ya ce, "Yanzu ku yi guɗan."

Iska da ruwan sama suka same mu dab da gaɓa, suka yi mana wanka. Haka na sauka a ƙauyen surukaina: ba hula, kaftani rabi fari rabi baƙi.

Su a can ba a magana sai an ci. Mu a gida tuwo ne abinci, kifi ɗan ado ne a miya. Su kuwa kifi ne abincin, tuwo ɗan rakiya. Aka ajiye mini kan wani ƙaton kifi, wai girmamawa ce ga baƙo, yana kallona ina kallonsa. Mama da ta rantse a jirgi ba za ta ƙara cin abin da ya fito daga ruwan nan ba, ita ta nemi ƙari.

Da ruwan sama ya ɗauke aka taru a gindin mangwaro. Baban Hannatu na zaune a kujerar katako, idanunsa farare, sanda a tsakanin gwiwoyi. Dattijo ya yi jawabi mai kyau, ya yabe ni har na fara tunanin wani yake nufi. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya juya kai.

"Bulus. Kai ka gan shi. Yaya yake?"

Bulus ya miƙe, bai dube ni ba.

"Baba, tsoron ruwa yake ji, ban taɓa ganin irinsa ba. Tun daga bakin dam jikinsa ke rawa. Wuta ya ja shi, ya kira mamansa." Aka kwashe da dariya, na sunkuyar da kai na ce shi ke nan, an gama da ni. Bulus ya jira dariyar ta lafa. "Inji ya tsaya mana a tsakiya, hadari na zuwa. Na ce masa mu juya. Bai juya ba."

Tsohon ya miƙo hannu yana lalube, na matsa na durƙusa, ya kama hannuna ya shafa shi ciki da baya, duk da baƙin man.

"Har yanzu rawa yake," in ji shi. "A karɓi kayansu."

Guɗa ta tashi ta ko'ina. Ni kuwa, da furfurata da komai, na fashe da kuka a gaban surukai, ban ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Murna ce, irin wadda na ɗauka ta riga ta wuce ni.

Can Hannatu ta fito da ruwa a kwano da sabulu, ta durƙusa tana zuba mini a hannu, ba ta ɗaga kai ba saboda mutane.

"Ka ji tsoro?" ta ce a hankali.

"Na ji."

"Gobe ma akwai komawa fa."

"Na sani."

Ta ci gaba da zuba ruwan, ina ganin gefen bakinta yana motsi. "Na gaya wa Yaya ina da kifin da zan kai Kachia," in ji ta. "Tare za mu ƙetare."